SASSABE A KAN DUWATSUN RIRUWAI

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwa masu karatu abin da na gani da idona a kudancin Kano.

A ƙarshen rani na tashi daga Yako, na bi ta Kwanar Ɗangora, na wuce Tudun Wada, na ratsa dajin Falgore, har na kai Doguwa da duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wannan yanki shi ya fi ko'ina samun ruwan sama a ƙasar Kano, masararsa kuwa ta yi suna. Amma tun daga nesa hayaƙi ya tarye ni. Da na matsa sai na tarad da an sassabe gefen wani dutse, an tara doka da maje an cinna musu wuta, babu abin da ya rage sai kututture da toka.

Na yi wa wani dattijo sallama, na ce, "Baba, me ya kawo wannan?" Ya ce tun kakanni haka ake yi, toka ita ce takin talaka. Amma ya ce a da in an noma wuri shekara uku ko huɗu, sai a bar shi saura shekaru masu yawa har daji ya komo. Yanzu kuwa mutane sun yi yawa, ga masu gawayi, babu mai barin gona ta huta.

Na ga gaskiyarsa, gama toka tana ƙara wa ƙasa ƙarfi a shekarar farko. Sai dai gonar kan dutse ba kamar ta fili ba ce. Saiwar itace ita ke riƙe ƙasa a gangare, ganye kuma shi ke karya ƙarfin ruwa. In aka kawar da su, ruwan fari yakan wanke tokar tare da ƙasar sama, shekara kaɗan sai fako da kwazazzabai. Ƙasar da aka wanke kuwa rafuka take bi ta faɗa Kogin Kano, wanda aka tare a Tiga cikin ƙasar Bebeji a 1974. In laka ta taru a madatsar, ruwan da take riƙewa ya ragu, to, mai noman rani a Kura da Kadawa shi ma abin ya shafe shi, ko da bai taɓa ganin Riruwai ba.

Ba na zargin manomi, don mai iyali ba ya kwana da yunwa yana kallon daji. Amma akwai dabara. Mutanen duwatsun Gwoza sukan jera duwatsu a gicciye kamar matakala, ƙasarsu ta tsaya. Manoman Maraɗi kuma tun shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassabin zamani: ba sa ƙone kututture, sukan zaɓi reshe biyu ko uku daga tohonsa su bari su girma, su datse sauran. Ta haka itatuwa suka komo gonakinsu ba tare da an dasa ba.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da malaman gona su taimaka a hana sassabe inda gangare ya yi tsanani, a bar ɗorawa da kaɗanya a gona, a riƙa yin ƙuna da sassafe bayan an share gefe don kada wuta ta tsallaka daji. Malaman makaranta kuma mu koya wa yara wannan, gama su za su gaji wurin. In akwai wanda ya san wata dabara da ta fi waɗannan, ina so ya rubuto mu ƙaru.

Haza wasalam.

Wani malamin makaranta,
Yako.