Abin da Hula Ke Rufewa: Dashen Gashi da Neman Gyaransa

A shagon askin da akantan ya saba zuwa a Wuse akwai madubi biyu. Babban yana jikin bango. Ƙaramin kuwa mai mariƙi ne, wanda mai aski kan ɗaga a bayan kan mutum idan ya gama aiki, don ya ga ƙeyarsa. Wata goma sha huɗu ke nan bai yarda an ɗaga masa ƙaramin ba. Da zarar an kakkaɓe masa wuya sai ya mayar da hularsa, ya biya, ya fita.

Ranar da ya yarda, mai askin ya ɗan yi jim kafin ya ɗaga.

"Yallaɓai, ko a bari?"

"Ɗaga kawai."

Ƙeyar ta yi kama da tufar da asu ya ci. Daga kunne zuwa kunne gashin ya yi sharara, fata tana leƙowa, ga ɗigo-ɗigon tabo masu haske a kan baƙar fata. Gaban kuwa ya riga ya haddace shi, don kullum yana ganinsa: layi ɗaya miƙaƙƙe kamar an ja shi da rula, ya sauko ƙasa da inda gashinsa ya taɓa tsayawa ko yana ɗan sakandare, gashin a tsaitsaye cunkus-cunkus kamar na 'yar tsana. Bayan layin kuma fili ne, domin gashinsa na asali da ke wajen ya ci gaba da zubewa.

Yadda aka kai ga Istanbul

Sanƙo ya fara masa yana da shekara 27, kamar yadda ya yi wa mahaifinsa. A gida Katsina wannan ba abin magana ba ne. Abokai su yi ta zolaya cewa alamar arziki ce, mutum ya kafa zanna-bukar ɗinsa, shi ke nan. Amma shi aikinsa na kwat ne da taron intanet, inda kyamarar kwamfuta ke nuna masa tsakar kansa sa'o'i uku a rana. Yana da shekara 36 tallace-tallacen Instagram suka same shi, hoton kafin aiki da na bayan aiki, har da na baƙaƙen fata irinsa.

Ya aika hoto huɗu ta WhatsApp. Kafin awa guda amsa ta zo: gungun gashi 4,500, dala 2,200, har da otal da motar ɗauko shi daga filin jirgi da tafinta. Ba wanda ya tambaye shi ko yana shan maganin hana zubewar gashi, ko fatarsa kan yi tudu idan ya ji rauni. Shi ma bai tambayi sunan wanda zai riƙe kayan aikin ba.

Likitan da ke cikin hotuna ya gan shi na kimanin minti goma. Ya zana layi da alƙalami a goshinsa, ya miƙa masa madubi. Akantan ya ce a ƙara saukar da shi kaɗan, aka saukar. Wannan ita ce maganar da ta fi ci masa rai daga baya, cewa da bakinsa ya nema. Sauran sa'o'i takwas ɗin wasu matasa ne suka yi su a kansa, suna karɓa-karɓa, suna hira cikin harshen da ba ya ji.

Abin da ake dasawa, da inda ake ciro shi

Manomin fadama zai fi kowa saurin fahimtar wannan aiki. Mai dashen albasa yakan ciro iri daga inda ya rene shi ya kai gona, kuma ya san ramin da ya ciro ba zai sake fitar da wani ba. Dashen gashi ba ya ƙara wa mutum ko sili ɗaya. Sauya wa gashi wuri kawai yake yi.

Sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin jiki da ake kira DHT, wanda jiki ke samarwa daga sinadarin maza na testosterone. A wajen wanda ya gaji abin, DHT kan riƙa tsuke saiwar gashin gaba da na tsakar kai, gashin ya sirance har ya daina fitowa. Gashin ƙeya da na gefen kunnuwa yawanci ba ya jin wannan sinadari, shi ya sa ake ganin tsoho mai sanƙo da zoben gashi a kewaye. Wani likita ɗan Japan, Shoji Okuda, ya bayyana hanyar ciro 'yan gutattsarin fata masu gashi a dasa su a wani wuri tun 1939. A 1959 Norman Orentreich na New York ya wallafa binciken da aka gina sana'ar a kansa: gashin ƙeya idan an kai shi goshi yana tafiya da halinsa na ƙeya, ba ya zubewa.

Kan mutum yana ɗauke da gashi kusan 100,000, kuma suna fitowa ne gungu-gungu, daga sili ɗaya zuwa huɗu a rami guda. Hanyar da aka fi tallatawa yau, FUE, wadda William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana a 2002, ita ce a sa wani siririn bututu mai kaifi, faɗin bakinsa kusan milimita 1, a yanko kowane gungu ɗaya bayan ɗaya. Kowane yanka yana barin ɗan tabo. Idan an ciro kaɗan kuma an warwatsa, sauran gashi zai rufe. Idan an kwashe da yawa a wuri ɗaya, sai a sami irin ƙeyar da akantan ya gani. Abin da ƙeya za ta iya bayarwa a tsawon rayuwa 'yan dubbai ne ƙididdigaggu, kuma shi an cire masa mafi yawan rabonsa a yini guda.

Akwai kuma abin da ya shafi baƙar fata musamman. Gashin ɗan Afirka ba a waje kaɗai yake nannaɗewa ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a ƙarƙashin fata. Miƙaƙƙen bututu a hannun wanda ya saba da miƙaƙƙen gashi yakan datse saiwar a tsakiya. Gungun da aka datse ya tashi a tutar babu: an rasa shi a ƙeya, bai kuma tsira a goshi ba. Ƙari a kan haka, baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda likitoci ke kira keloid. Saboda haka ƙwararru kan fara gwada ciro 'yan kaɗan su duba, su kuma yi amfani da kayan aikin da aka ƙera don lanƙwasasshiyar saiwa.

Layin goshi shi ma yana da ƙa'ida. Na halitta ba ya miƙewa, yakan ɗan yi shiga da fita, kuma sahun farko silin ɗaiɗai ne masu laushi, a kwance suna kallon gaba. Idan aka jera gungu mai sili uku a sahun farko, aka kuma dasa su a tsaye, ko daga nesa ido zai gane hannun mutum ne. Sannan layin da ya dace da saurayi ɗan shekara 20 ba zai dace da fuskar ɗan shekara 55 ba, alhali dasasshen gashi yana nan inda aka sa shi.

Shekarar jira

Makonni kaɗan bayan ya dawo, gashin da aka dasa ya zube. Ya aika saƙo a firgice, aka ce masa haka abin yake. Gaskiya suka faɗa: dasasshen gashi kan zube a makonnin farko, ya fara tsirowa wajen wata na uku ko na huɗu, kuma ba a yanke hukunci a kan aikin sai an shekara, wani lokaci har wata 18. Matsalar ita ce wannan gaskiyar ta zama musu garkuwa. A wata na shida aka ce ya jira na tara. A na tara aka ce ya jira na goma sha biyu. Da shekara ta cika suka yi masa tayin zagaye na biyu kyauta, shi dai ya biya kuɗin jirgi. Ya tambaya daga ina za su ciro gashin. Daga nan saƙonninsa suka daina samun amsa.

A gida bai ce wa kowa komai ba. Ya koma sa hula har a falo. Maiɗakinsa ce ta fara magana, wani dare da ta tarar da shi a banɗaki yana ɗaukar hoton ƙeyarsa da waya.

"Abban yara, ni fa da sanƙonka na aure ka. Wannan shirun naka ne ba na so."

Mahaifiyarsa kuwa, wadda ba ta ambatar sunansa saboda ɗan fari ne, ta ga kan ne lokacin da ya cire hula zai yi alwala a Katsina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai kuwa wa ya yi maka wannan aski?" Bai sami abin cewa ba.

Abin da ya fi ƙona masa rai bai bayyana ba sai da ya fara shirin Umara. Duk mai sanƙo yana da mafita guda wadda ba ta cin ko kwabo: ya aske kan tal-kwabo ya huta. Shi an ƙwace masa wannan. Idan ya aske, ɗigon tabon nan dubbai za su fito fili, da ƙurajen tudu da suka jeru a layin goshi. Ya tafi neman gashi, ya dawo ba shi da gashin, ba shi da ikon askewa.

Abin da gyara ke iyawa

Likitar fatar da ya gani a Abuja ta sa na'ura mai ƙara girman abu ta bi kansa taki-taki. Ta gaya masa abu biyu da bai so ji ba. Na farko, ƙeyar ba za ta dawo ba. Na biyu, duk wanda ya yi masa alkawarin cike kan nan gaba ɗaya, ya tashi ya bar wajensa.

Gyaran dashe yakan bi hanyoyi kaɗan ne, kuma sau da yawa sai an haɗa su. Ana iya ciro gungun da aka dasa ba daidai ba, a rarraba su sili-sili, a sake dasa su a baya inda ake bukata. Ana iya kashe waɗanda suka sauko goshi da yawa da hasken leza, ko da yake a baƙar fata sai an zaɓi irin na'urar da ba za ta ƙona ta ba. Ana iya jera silin ɗaiɗai a gaban masu kauri don su sassauta layin. Idan ƙeya ta ƙare, akan aro daga gemu, musamman ƙarƙashin haɓa, sai dai gashin gemu ya fi kauri, don haka tsakar kai ake kai shi. Tabo mai tudu kuma akan yi masa allurar da ke kwantar da shi. Duk wannan ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma yakan fi aikin farko tsada. Araha dai ba ta ado.

Kafin komai sai an tsayar da zubewar gashin da ya rage. Magunguna biyu aka fi sani: minoxidil na shafawa, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1988, da ƙwayar finasteride, wadda ta amince da ita don sanƙo a 1997. Dukansu suna aiki ne muddin ana amfani da su. Finasteride na iya rage sha'awa ga wasu ƙalilan daga masu shanta, kuma ba a so mai juna biyu ta taɓa fasasshiyar ƙwayar, shi ya sa magana ce ta likita, ba ta kantin magani ba.

Hanya guda ta tsaya masa a rai. Ana iya ɓoye tabon ƙeya ta hanyar ɗiga tawada a fata da allura, ta yi kama da gashin da aka aske. A kan dashen kansa bai yi shakka ba, domin malamai da dama sun halatta shi a matsayin mayar da abin da aka rasa, wasunsu suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da ɗayansu ya roƙi a mayar masa da gashinsa. Amma tawada a cikin fata ta yi kusa da zanen jiki da aka hana. Ya kai tambayar ga malaminsa, ya ajiye wannan hanyar a gefe tukuna.

Ya kuma gano cewa ba shi kaɗai ba ne. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta ƙaddamar da gangami a 2019 a kan wuraren da ake tallata likita amma waɗanda ba likitoci ba su yi tiyatar, ta kuma ware ranar 11 ga Nuwamba a matsayin ranar gyaran dashen da ya ɓaci. Turkiyya tana da ƙwararrun likitoci na gaske, kuma ana ɓata aiki a wasu ƙasashen ma. Bambancin yana wajen tambayoyin da bai yi ba: wane ne zai yanka, mutum nawa ake yi wa a rana, baƙaƙen fata nawa likitan ya yi wa kuma ina hoton ƙeyarsu bayan shekara, gungu nawa za a bari don gaba.

Likitan gyaran da ya zaɓa daga ƙarshe ya ƙi ba shi rana sai ya yi wata shida a kan magani. Shirinsu ƙarami ne: a ciro 'yan ɗaruruwan gungu daga layin goshi, a mayar da layin sama, a sa abin da aka ciro a filin da ke bayansa. Akantan ya tambaye shi ko kan zai yi kyau. Likitan ya ce burinsa shi ne kan ya zama wanda ba wanda zai kalla sau biyu.

Ana saura mako uku tafiyarsa, ƙanensa ya zo daga Kaduna. Shekararsa 29, goshinsa ya fara ja da baya ta gefe biyu. Bayan sun ci abinci ya matso kusa, ya rage murya.

"Yaya, don Allah lambar mutanen nan na Turkiyya nake so. Na tara kuɗin."

Akantan ya dubi ƙofa ya ga yara ba sa kusa. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya juya wa ƙanen baya, ya sunkuyar da kai a ƙarƙashin fitila.

"Matso ka duba da kyau," ya ce. "In ka gama sai mu yi magana."