Sifirin da ba a gani: abin da ya raba Glock da SIG

A ranar 19 ga Janairu, 2017, rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta sanar da cewa kamfanin SIG Sauer ne zai ƙera mata sabuwar ƙaramar bindiga, a kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 580. Bindigar da ta yi nasara ita ce P320, wadda sojoji suka raɗa wa suna M17, suka kira ƙanwarta M18. Ta gaji Beretta M9, wadda ta zauna a ƙugun sojan Amurka tun 1985. Kamfanin Glock na Ostiriya, wanda ya kai zagayen ƙarshe, ya kai kukansa ofishin binciken kuɗin gwamnati, GAO, yana cewa an yanke hukunci kafin a kammala gwajin juriya. An yi watsi da ƙorafin a watan Yuni. Takardun da suka fito sun nuna farashin SIG ya gaza na Glock da kimanin dala miliyan 100.

Wanda ya ajiye bindigogin biyu a kan tebur zai sha wuya kafin ya gane dalilin rigimar. Dukansu jikinsu na roba mai tauri ne, dukansu suna cin harsashi mai milimita 9, kowace tana ɗaukar 17 a cikinta, kuma babu wadda ke da guduma a ƙeya. Bambancinsu na gaske yana ciki, inda ido ba ya kai.

A tsohon tsari, irin na Beretta M9, akwai guduma a bayan bindiga. Ita ke bugun wani tsinken ƙarfe, shi kuma ya bugi gindin harsashi, albarushi ya kama. Mai riƙe da bindigar yana ganin gudumar da idonsa, ya san ko an ɗana ta ko ba a ɗana ba. Illarta ita ce jan kunama na farko yana da nauyi, na biyu kuma sakayau, sai hannun da bai goge ba ya rikice. A sabon tsari an cire gudumar, tsinken da kansa ne ke ɗauke da sifirin, kuma kowane jan kunama daidai yake da ɗan'uwansa. Wannan ya rage yawan sassa, ya sauƙaƙa horo, ya sauke farashi.

Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya fitar da irin wannan bindiga mai jikin roba tun 1970, amma wanda ya cika duniya da ita shi ne Gaston Glock, injiniyan da ya fara da ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja. Sojan Ostiriya sun karɓi Glock 17 a farkon shekarun 1980, daga nan ta mamaye ofisoshin 'yan sandan Amurka. Sauran kamfanoni suka bi sawu: Smith & Wesson da M&P a 2005, Heckler & Koch da VP9 a 2014, SIG da P320 a wannan shekarar, CZ da P-10 C, FN da 509 a 2017, Walther da PDP a 2021.

Duk mai shiga wannan kasuwa ya san inda zai soki Glock. Masu harbi sun daɗe suna cewa kunamarta ba ta da daɗin ja. Dalili kuwa shi ne a Glock, lokacin da bindiga take kube, rabin ɗana aka yi wa tsinken. Yatsan mai harbi ne ke ƙarasa matse sifirin kafin ya sake shi. A tsakiyar kunamar akwai ɗan harshe da ke hana ta motsi sai yatsa ya danna shi. Masu hamayya da dama sun zaɓi tsinken ya zauna a ɗane kusan baki ɗaya, ta yadda aikin yatsa bai wuce saki ba. Hakan na ba da kunama mai taushi da saiti mai kyau. P320 haka take, kuma wadda aka fi sayar wa 'yan sanda da farar hula ba ta da wancan harshen, ba ta da sakatar waje. Ta sojoji tana da sakata, domin rundunar ta sa hakan cikin sharuɗɗanta.

SIG ya zo da wata dabara da ta burge sojoji. Zuciyar bindigar, wato ƙaramin akwatin ƙarfe mai ɗauke da kunama da lambar rajista, tana fita ɗungurungum, a saka ta cikin mariƙi babba ko ƙarami gwargwadon hannun soja. Glock ba shi da wannan.

A watan Agustan 2017 aka fara yaɗa bidiyo da ke nuna P320 tana tashi idan ta faɗi da ƙeya ta wata kusurwa. Kamfanin ya yi tayin gyara kyauta, ya sauya kunamar da wasu sassa da marasa nauyi, domin nauyinsu ne ke sa su motsa in bindigar ta bugi ƙasa. Maganar ba ta mutu a nan ba. A 2023 jaridar Washington Post da kafar The Trace sun ruwaito cewa fiye da mutum 100 na zargin bindigar ta tashi ba tare da sun taɓa kunama ba, da yawansu 'yan sanda ne. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Jojiya sun ba wani mutum diyyar dala miliyan 2.35, wasu a Filadelfiya suka ba wani dala miliyan 11. SIG ya tsaya a kan cewa P320 ba ta tashi sai an ja kunama, kuma ya yi nasara a wasu shari'o'in.

Glock ma ba ta kuɓuta daga irin wannan ciwon kai ba. Lokacin da 'yan sandan New York suka koma amfani da ita da ire-irenta, an yi ta samun harbi bisa kuskure, sai rundunar ta sa aka ƙara wa kunama nauyi zuwa fiye da kilo 5, ninki biyu na wanda kamfani ke fitarwa. Shekaru suka tafi, aka lura nauyin yana karkatar da saiti, abin da ke jefa masu wucewa cikin haɗari. A 2021 rundunar ta fara ba sababbin kurata kunama mai sauƙi. Gaba kura, baya sayaki: kunama mai nauyi tana kare wanda ya rataya bindigar, mai sauƙi tana kare wanda ke tsaye kusa da abin da aka auna.

Jadawalin da masu sharhi ke bugawa duk lokacin da sabuwar bindiga ta fito yana auna tsawo, nauyi, yawan harsashi, farashi da daɗin kunama. Waɗannan duka ana gane su cikin yini ɗaya a filin harbi. Amma ɗan sanda na iya yin shekara 25 yana aiki bai harbi kowa ba, alhali kullum yana ɗaura bindigar, ya shiga mota da ita, ya durƙusa, ya yi kokawa da wanda ake kamawa, bakinta na kallon cinyarsa. Yawancin rayuwar bindiga a kube take yinta, kuma ba a sanin halinta a can sai dubban mutane sun ɗauke ta shekara da shekaru. Glock 17 tana da fiye da shekara 40 na wannan shaida. P320 kuwa har yanzu ana tattara tata, wani ɓangare a barikin soja, wani a gaban alƙalai.