Ranakun Murna da Ranar Rashi

Idan mutum ya ƙidaya ranakun murnarsa, zai tarar kowace da hannun wani a cikinta. Mu dai hannun kakarmu ne.

Ran da muka sauke Alƙur'ani, muka cika izu 60, ita ta biya mai zayyanar allo da kuɗin zaren da ta kaɗa, ta kuma daka gumbar sadaka. Da aka ɗauke mu Midil ba ta so ba, don tana tsoron kada boko ya raba mu da salla. Duk da haka ta ƙulle mana sule biyu a tsumma, ta sa mana albarka. Sa'ad da labari ya iso mun ci jarrabawar kwaleji, ita ta fara rangaɗa guɗa.

Mun yi niyya albashinmu na fari nata ne, amma Allah bai nufa ba. Takardar rasuwarta ta iske mu a makaranta bayan an yi sadakar bakwai.

Ya 'yan'uwa, wanda tsofaffinsa ke da rai kada ya jira albashi. Ya rubuta musu takarda, in an yi hutu ya zauna gabansu, gama ajali ba ya jiran ƙarshen wata.

Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, amin.