Zagayen Ƙarshe a Yas Marina

Tseren motoci na Formula 1 a Abu Dhabi da yamma ake fara shi, ƙarfe biyar, rana tana shirin faɗuwa, a gama shi cikin dare ƙarƙashin fitilu. Filin Yas Marina yana kan tsibiri ne, tafiyar kusan awa guda daga Dubai, inda 'yan kasuwarmu suka saba zuwa sari. Jiragen ruwan attajirai suna jere a gefen hanyar tseren, ga kuma wani otal da aka gina motoci suna bi ta ƙarƙashinsa.

Ranar 12 ga Disamba 2021 na shiga wurin. Abin da ya fara dukana shi ne ƙara. Kafin ka juya kai mota ta wuce, sai dai ka ji rugugin a ƙirjinka, warin roba ya biyo baya. Mai zaune a rumfa kwanar hanya ɗaya ko biyu kawai yake gani, sauran labarin daga manyan allunan talabijin yake samu. Mutanen Holan, cikin riguna ruwan goro, sun cika ɓangarenmu.

Dalilin cikar kuwa, Lewis Hamilton na Mercedes da Max Verstappen na Red Bull, ɗan Holan, sun zo tseren ƙarshe na shekara da maki iri ɗaya, 369.5 kowannensu. Hamilton na neman kambu na takwas don ya zarce Michael Schumacher, Verstappen na neman na farko.

Verstappen ne ya tashi a sahun gaba, amma tun daga fita Hamilton ya ƙwace gaba. Sergio Perez, abokin aikin Verstappen, ya tare masa hanya na ɗan lokaci kamar mai gadin ƙofa, duk da haka Hamilton ya sake ba da rata mai yawa. 'Yan Holan ɗin da ke kusa da ni suka yi tsit, wasu har sun naɗe tutocinsu.

Zagaye 58 ake yi. A na 53 Nicholas Latifi na Williams ya daki katanga, aka fito da motar kiyaye haɗari, wadda kowa zai bi bayanta a hankali har a share hanya. Ratar da Hamilton ya tara ta tafi a banza. Nan take Red Bull suka kira Verstappen, makanikai suka yi masa caa, cikin daƙiƙu kaɗan ya fito da sababbin tayoyi masu laushi, masu kama ƙasa. Mercedes ba su kira nasu ba, don in ya tsaya zai rasa gaba. Ya ci gaba da tsofaffin tayoyi masu tauri da ya daɗe a kansu.

Motoci biyar da aka riga aka yi wa zagaye suna tsakanin su biyun. Michael Masi, mai kula da tseren, ya ce waɗannan biyar kaɗai su wuce, ya janye motar kiyaye haɗarin, ya bar zagaye ɗaya tak. A kwana ta biyar Verstappen ya kutsa ta ciki ya wuce. Rumfarmu ta kaure da ihu, wani dattijo yana kuka yana rungumar duk wanda ya samu. Verstappen ya zama ɗan Holan na farko da ya ci kambun, yana da shekara 24.

Mercedes sun kai ƙara a daren, aka yi watsi da ita. A Fabrairun 2022 hukumar tseren motoci ta FIA ta cire Masi daga muƙaminsa, daga baya ta amsa cewa an yi kuskure wajen bin doka, amma sakamako bai canza ba. Mu da muka biya kuɗin kujera direbobi muka zo gani, alhali masu lissafin taya da mai riƙe da dokar filin, waɗanda ba mu ko hango ba, su suka yanke hukuncin daren.