Ƙarfen da Ya Kwanta a Anka

Na san labarin 'yan bindiga ko na zinare kake jira daga wanda ya dawo daga yammacin Zamfara. Wannan hirar sai mun zauna. Abin da ya tsaya mini a rai wani ƙarfe ne da na tarar kwance a kan katangar mutane.

Mun bar Gusau da sassafe a farkon damina, muka wuce Bungudu da Maru, a mararrabar Mayanchi muka karya hagu. Shingen jami'an tsaro kam ba a ƙirgawa. Da hantsi muka shiga Anka, garin Sarkin Zamfara, muka tarar iskar daren jiya ta yi aikinta, kwanon rufi a kan hanya, rassan darbejiya a ƙasa. A bayan wani shagon cajin waya mutane sun yi cirko-cirko. Mai shagon ya haɗa bututun ruwa da walda, tsawonsa ya kai mita 15, ya kafa shi da wayoyi uku, ya ɗora na'urar janyo sabis da farantin tauraron ɗan'adam a samansa. Cikin dare ya faɗo, ya tsallaka katanga, ya lotsa rufin ɗakin da yaran maƙwabci suke kwana. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

Na ce iska ta yi ɓarna. Wani dattijo mai walda ya girgiza kai. "Malam, ba iska ta kaɗai ba. Taho ka gani." Ya tona gindin turken da aka ɗaure waya ɗaya, ya nuna mini rodin. Daidai inda ya shiga ƙasa tsatsa ta cinye shi, ya koma kamar tsinke. "Nan ruwa ka kwana. Da wagga waya ta saki, sauran biyun su sunka ja shi ƙasa." Ashe wayoyin nan a ɗame suke kullum, kowace tana ja ta nata ɓangaren, ɗaya na saki sauran su zama masu kayarwa. Farantin kuma tare iska yake yi kamar faifai. Shekara nawa ina wucewa ƙarƙashin irin waɗannan a Kurna da Fagge, ban taɓa ɗaga kai ba, balle in duba gindi. Na ji kunyar hakan.

Kada ka yi saurin zargin mai shagon. A nan sabis shi ne kuɗin da ɗa ke turo wa uwarsa ta POS, shi ne kiran da ke cewa kada a biyo hanya yau. Mutanen nan sun ɗanɗana rashinsa a watan Satumba na 2021, lokacin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta sa aka kashe layuka a duk jihar saboda matsalar tsaro, sai mutum ya shiga mota zuwa wata jiha don ya buga waya. Wanda ya ga wannan ba zai yarda a ce a tuge ƙarfe ba.

A motar Bukkuyum na zauna kusa da wani saurayi mai gyaran manyan ƙarafan sabis na kamfani. Da muka tsaya a Nasarawar Burkullu ya nuna mini ɗaya, ya ce wannan daban yake da na Anka. Ba shi da waya ko ɗaya, ƙafafunsa a cikin kankare suke. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninkawa yake huɗu, don haka kowace eriya da aka ƙara a sama nauyi ce da aka lissafa ko aka ƙi lissafawa. Irin wannan in zai gaza, yawanci lanƙwashewa yake daga tsakiya ya naɗe a kan kansa, kusa da gindi. Amma in tushen ne ya saki, ko ɓarayi sun kwance notikan ƙasa, to zai miƙe ne iya tsawonsa kamar giginya.

Na tambaye shi tazarar da doka ta ce a bari tsakaninsa da gidaje. Ya ce ƙa'idar NCC ta 2009 mita 5 ta ce, ita kuwa hukumar kare muhalli, NESREA, a dokarta ta 2011 mita 10 ta ce, har hukumomin biyu sun sha takun-saƙa a kan haka. Na sauka na taka mita 10 da ƙafata, taku goma sha uku, na ɗaga kai. Ƙarfen ya ninka abin da na taka sau da yawa. A ganina nan gizo ke saƙar, domin tazara ɗaya aka yanka wa dogo da gajere. Kuma sau da yawa ƙarfen ne ya riga zuwa fili, daga baya aka yanka fulotai har jikin shingensa.

Shi ne kuma ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Akwai masu rediyon sha'awa, mutanen da ke karɓar lasisi su riƙa magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe daga ɗakinsu, kuma lambar kiran na Najeriya da 5N take farawa. A Amurka suna da yawa, suna kafa dogayen ƙarafa a bayan gida, rigima da hukumomin gari ba ta ƙarewa. Wasu garuruwan cewa suke a bar fili daidai da tsawon ƙarfen ta kowace fuska, masu rediyon su ce ai ƙarfe mai kyau a gindinsa yake zubewa. A 1985 hukumar sadarwarsu ta tarayya ta yanke cewa gari na da ikon tsara wurin kafawa don tsaron rai, amma ba shi da ikon hanawa gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa ko ƙarfen rediyon Poland mai tsawon mita 646, wanda ya fi kowane gini tsawo a duniya a zamaninsa, ana cikin sauya masa wayar ɗauri ya zube a 1991. Waya ɗaya, kamar a Anka.

Bukkuyum kwana ɗaya na yi, na wuce ta Daki Takwas zuwa Gummi. Gari ne na fadama a gefen Gulbin Zamfara, kuma har yanzu ana maganar ambaliyar 2024. Ƙasar da ta sha ruwa ba ta riƙe turke yadda busasshiya ke riƙewa. Na zauna da wani mai unguwa, na ce, "Baba, in mutum zai kafa irin ƙarfen nan, wa yake tambaya?" Ya ce rikicin iyaka da na magudanar ruwa suna zuwa gabansa kullum, amma ba wanda ya taɓa zuwa kafin ya kafa ƙarfe, sai bayan ya faɗi. "Ɗana, ko icce za mu sara, sai mun duba inda za shi kwanta." Na kamfani aƙalla yana da takarda da injiniya. Na mai shago, wanda ya fi saurin faɗuwa kuma yake miƙewa gaba ɗayansa, daga mai walda sai Allah.

A hanyar dawowa na sake tsayawa a Anka. Ana shirin tayar da ƙarfen. Dattijon nan mai walda ya yanki igiya daidai tsawonsa, ya ɗaure bakinta a sabon gindin da aka haƙa can ƙuryar fili, ya ba maƙwabcin ɗaya bakin ya zagaya da ita. Ta wuce katangar da kamu uku. Mai shagon ya yi shiru, don ya san rage tsawo rage sabis ne. Can ya ce a cire bututu ɗaya. Ana kunna injin yanka direbanmu ya danna oda.