Kada mu goge sunansa



A taron zumuntar matasa na makon jiya, nan Turawa, wani ya kunna mana bidiyo a waya. Mutum ne ya lafta baƙin kwalli a ido, ya rataya maciji a wuya, yana ihu cikin ƙarar jita da ganguna. Muka ce a kashe, wannan ai na Shaiɗan ne. Sai mai wayar ya ce, "Ɗan mai wa'azi ne fa." Muka yi tsit.

Sunansa Alice Cooper, mawaƙin kiɗan rok mai zafi na Amurka. An haife shi a Detroit a 1948, sunansa na yanka Vincent Furnier. Ya tashi a gidan masu bi, amma waƙa ta ja shi. A 1972 waƙarsa "School's Out" ta sa duniya ta san shi. Kuɗi suka zo, giya ta biyo baya. A 1977 ya kai kansa asibiti don ya daina sha, daga baya ya koma ruwa. Ya kai ga aman jini, a 1983 matarsa Sheryl, ita ma 'yar fasto, ta nemi a raba aurensu. A shekarar ya ajiye kwalba, daga baya suka sulhunta, ya koma ga bangaskiyar da ya tashi a ciki. A 1995 ya kafa Solid Rock a Phoenix, ƙungiyar da ke koya wa matasa kiɗa kyauta.

Ba mu kawo labarin don mu yabi salon wasansa ba. Abin da ya sosa mana rai shi ne, mu ma muna da namu. Ɗan'uwan da yake kaɗa mana jita a sujada ya tafi Kano cin rani, ya faɗa shaye-shaye. Da ya dawo gida idonsa jajir, muka daina gaishe shi a hanyar kasuwa. Da muka sake rubuta sunayen waɗanda muke yi wa addu'a, muka tsallake nasa. Ba wanda ya sa mu, ba kuma wanda ya hana mu.

A Luka sura 15, uban nan ya hango ɗansa tun yana nesa. Wanda ya daina duban hanya ba ya hango kowa. Mu kuwa halin wan muka ɗauka, muna lissafin laifi.

Shekara shida ke tsakanin 1977 da 1983. Mu damina biyu kawai muka yi, muka gaji.

Ranar Lahadi bayan sujada, mutum uku za su je gidansu da jitar. Ba wa'azi za su kai ba, gaisuwa ce. Mun kuma mayar da sunansa a takarda.

Ya Ubangiji, ka gafarta mana saurin yanke ƙauna. Ka ba mu haƙurin jira. Amin.