Jeren Amarya a Gidan Bene

Hausawa na cewa, idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Maganar tana da sauƙin faɗi, amma wanda kiɗan ya sauya masa yana tsakiyar fage, shi ya san wuyarta. Wannan labarin wata mace ne, haifaffiyar cikin birnin Kano, wadda aure ya ɗauke ta daga gidan ƙasa ya kai ta hawa na biyu na wani bene a Abuja, da irin faman da ta sha kafin ta mai da wurin ɗakin da za ta iya kira nata.

Gidan da ta tashi a ciki irin ginin nan ne na tubali da azara, mai zankwaye a kusurwoyi. Wanda ya zo daga waje, zaure zai fara tararwa, daga nan sai shigifa, sa'an nan tsakar gida, inda rijiya da murhu da turmi suke. Baƙo namiji iyakarsa zaure, sai ya yi sallama a aiko yaro. Ƙofofin ma ba a gina su suna kallon juna ba, domin kada idon mai wucewa ya faɗa kan matan gida. Wato tun kafin a sa wa gidan ko da tabarma, ginin kansa ya riga ya raba wa kowa wurinsa.

A cikin wannan gida babu inda ya kai ɗakin mahaifiyarta kyan gani. Gado mai rumfa na gefe guda, sa'an nan bango guda cur jere ne, tun daga ƙasa har kusa da azara: fanteka a ƙasa, samira da langa a bisa, tasoshi a can ƙoli suna ƙyalli. A zamanin kakanni, ƙore masu zane da akusa da faya-fayai ake jerawa. Daga baya tasoshi suka shigo, sa'an nan kwanukan fenti, waɗanda aka fara kawowa daga ƙasashen waje kafin a soma ƙera su a Nijeriya. Kayan sun yi ta sauyawa, amma ma'anar jere ba ta sauya ba. Kowane kwano yana da wanda ya bayar da shi, ko gwaggo, ko ƙawar uwa, ko kuɗin adashen da uwa ta shekara tana zubawa daga ribar ƙuli-ƙuli. Bugu da ƙari, kayan ɗaki mallakar mace ne, miji ba shi da iko a kansu. Ranar da buƙata ta taso, sai ta cire saiti guda ta ba dillaliya, asirinta a rufe. Saboda haka jere ado ne, taska ce, kuma shaida ce cewa mace tana da dangi a bayanta.

Mijin da ta aura ƙaramin ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne. Tun ranar 3 ga Fabrairu, 1976 Janar Murtala Muhammad ya bayyana cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, amma sai ranar 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, fadar gwamnati ta koma Abuja. Mijin nata yana cikin ma'aikatan da ƙaurar ta kwaso, aka ba shi sashe guda a wani bene na gwamnati a Garki, irin wanda 'yan boko ke kira filat: falo ɗaya, ɗakunan kwana biyu, da kicin, da makewayi, da wata 'yar siririyar baranda. A shekarar 1992 aka ɗaura aure, aka loda kayan ɗaki a babbar mota, gwaggwanninta uku suka yi gaba don su yi jere.

Tun daga matakala aka fara gane cewa kiɗa ya sauya. Gado mai rumfa ya ƙi juyawa a kwanar bene, sai da aka kwance shi ƙarfe-ƙarfe. Da aka buɗe ƙofa, babbar gwaggo ta tsaya ta dubi falon, ta dubi ango, ta ce, "Yaro, ina zauren?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Gwaggo, ai nan ne zauren, nan ne kuma tsakar gidan." Ta riƙe baki. Suka auna bangon ɗakin amarya, suka tarar taga ta cinye ɗaya, ƙofa ta cinye ɗaya, kabad ɗin da aka gina a jikin bango ya cinye na uku. Da suka nufi bangon falo, ango ya roƙe su da ladabi a bar shi, domin gidan gwamnati ne, ba ya son a yi ta kafa ƙusa, kuma abokan aikinsa a nan za su riƙa zama. Abin da bai faɗa ba shi ne, yana jin nauyin a ga kwanuka a falonsa a ce ya auro 'yar gargajiya. Gwaggwanni suka jera abin da ya samu wuri, sauran aka bar su cikin kwalaye a ɗaki na biyu, suka koma Kano ransu bai yi daɗi ba.

Falon ya zama irin na kowa a benen: kujerun kushin manya guda huɗu da suka cinye fili, da teburin gilashi a tsakiya, da talabijin, da kalanda a bango. Amarya ta yi shiru, amma zaman bai yi mata daɗi ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, da an buɗe sai ya hango har cikin kicin, don haka kullum da mayafi take yini a cikin gidanta. Ranar da ta fara daka yaji, ba ta yi lugude goma ba maƙwabciyar ƙasa ta hawo tana nuna mata rufin ɗakinta da hannu, sai ta jingine taɓarya cikin kunya. Babu yara masu shigowa talla, babu maƙwabciya mai leƙowa ta katanga ta ari rariya. Kowa ya shiga sashensa sai ya ja ƙofa ya murɗa makulli. Idan mijin ya fita aiki, sai ta shiga ɗaki na biyu ta zauna kusa da kwalayen, ta buɗe ɗaya ta duba, ta mayar ta rufe.

Bayan wata bakwai mahaifiyarta ta zo ganin ɗaki. Aka nuna mata kujera, ta ce a shimfiɗa mata tabarma, sai aka rasa inda za a shimfiɗa, sai da aka janye teburin gilashi. Ta zauna ta dubi bango huɗu, ta daɗe ba ta ce kome ba. Da surukinta ya fita, ta ce, "Ke 'yar nan, ina kayanki?" Ta ce, "Suna cikin kwali, Inna, babu wuri." Tsohuwa ta ce, "Wuri ba ya samuwa sai an yi shi. Na shigo ban ga hannunki a ko'ina ba. Wannan masauki ne, kuma mai zaman masauki kullum jakarsa a ɗaure take." Ba ta ƙara ba, kuma ba ta yi wa surukin magana ba, ta kwana uku ta tafi.

Maganar ta zauna mata a rai. Wata rana da dare, bayan ya ci abinci, ta ce, "Maigida, ina neman alfarma. Ba zan kafa ƙusa ko ɗaya ba, amma ka bar ni in gyara falon nan. In bai yi maka ba, sai a mayar yadda yake." Ya yi jim, sa'an nan ya ce ta gwada.

Abu na farko, ta sa kafinta ya yi mata dibaida mai tsawon mutum, ta girke ta taku uku daga bakin ƙofa. Bayanta katako ne rufe, yana fuskantar mai shigowa, aka ajiye kujeru biyu a wurin. Nan take gida ya sami zaure, baƙo yana da wurin zama, ita kuma ta ajiye mayafi. Cikin dibaidar, wanda ke kallon falo, nan ta yi jerenta. Da yake wurin kaɗan ne, dole ta yi zaɓe, kuma zaɓen ya fi kome yi mata wuya. Ta fitar da tasoshi uku na kakarta, da saitin samira na Inna, da langa ɗaya daga kowace gwaggo. Sauran ta cusa ƙanana cikin manya, ta tura wasu ƙarƙashin gado, wasu bisa kabad. A nan ta gane cewa kwano goma da aka ba sarari sun fi ɗari da aka cunkushe fitowa.

Sauran kujeru biyu ta ba da su aka sayar, teburin gilashi ya koma lungu. Ta shimfiɗa darduma a tsakiya, ta ajiye tumtum biyu na dukawan Kano, waɗanda ake jawowa in an yi baƙi, a ture in za a yi salla. Ta sauke labule mai kauri ta sa farin yadi marar nauyi, ta jingina babban madubinta na aure yana kallon taga, sai falon ya yi haske kamar an ƙara masa faɗi. Baranda ta zama tsakar gida: randa a kusurwa, igiyar shanya, kaskon turaren wuta, da tsofaffin fanteka biyu da ta cika da ƙasa ta shuka albasa da na'ana'a. Turmi kuwa ta saukar da shi ƙasa, gindin wata bishiya a bayan benen. A nan ta tarar maƙwabciyar nan tata, wata Bayarabiya, ita ma a ƙasa take kirɓa sakwara saboda dalili guda. Daga aron taɓarya aka fara, har ta kai suna aika wa juna abincin salla da na Kirsimeti.

Mijin bai ce ya yi kyau ba, bai kuma ce a mayar ba. Amma ranar da wani abokin aikinsa ya tsaya yana tambayar tasoshin, ta jiyo shi daga kicin yana bayani da alfahari, yana cewa sun girmi Abuja nesa ba kusa ba.

A shekarar 1994 jeren ya nuna ɗaya amfanin nasa. Ɗansu na fari ya kwanta rashin lafiya, wata ya yi nisa, aljihun maigida babu kome. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta jawo saiti biyu daga ƙarƙashin gado ta kai kasuwar Wuse, ta dawo da kuɗin magani. Da ya tambayi inda ta samu, ta nuna masa kwalin da ya zama fanko. Ya daɗe yana kallon kwalin. Tun daga ranar bai sake kiran kayan nan tarkace ba.

Da gwamnatin Obasanjo ta shiga sayar wa ma'aikata gidajenta na Abuja daga shekarar 2005, suka yi ƙoƙari suka sayi sashen nasu. Ranar da takardu suka fito, shi da kansa ya kawo guduma da ƙusa ya miƙa mata, ya ce yanzu bango nata ne. Ta yi dariya, ta kafa guda ɗaya tak, ta rataya faifan da kakarta ta saƙa.

Mai karatu zai lura cewa matar nan ba ta kwaso gidan Kano ta dasa a Abuja ba, domin ba zai yiwu ba, kuma ba ta watsar da shi ba. Abin da ta yi shi ne, ta tambayi kanta aikin da zaure da tsakar gida da jere suke yi wa mutum, sa'an nan ta nemi abin da zai yi wannan aiki a ƙaramin wuri. Ɗaki yakan yi kyau ne idan mai shi ya iya zama cikinsa da ɗabi'unsa, ya karɓi baƙo ba tare da ya takura ba, ya ɗaga ido ya ga abin da zai tuna masa da nasa.

Da aka tashi aurar da 'yarta, yarinyar ta ce ita ba ta son kwanuka, zamaninsu ya wuce, kayan kicin na lantarki take so. Uwar ba ta yi musu ba, ta saya mata abin da ta iya. Amma daren da za a kai amarya, ta ɗauko ɗaya daga cikin tasoshin nan uku, ta goge ta da toka da lemon tsami har ta yi ƙyalli, ta naɗe ta cikin zane, ta sa a ƙasan akwati. Ta ce, "Ko ɗakinki bai fi tabarma faɗi ba, ki nema mata wuri inda ido zai gan ta."